Alamar ragi ba ta isa shaida ba

Ɗana, ka ce ka gudanar da binciken .PZ, wato na gano pol da ziro, a manhajar gwajin da'irar lantarki ta ngspice a kan amfilifayar da kake haɗawa, ka ga kowane pol, wato lambar da ke nuna ko motsin da'ira zai lafa ko zai ci gaba da girma, yana ɗauke da alamar ragi a ɓangarensa na haƙiƙa, kana tambaya ko hakan ya wadatar a ce da'irar ta zauna lafiya. Bai wadatar ba. Ba zan ɓata lokaci in bayyana maka cewa pol ɗin da ya faɗa ɓangaren dama, wato mai alamar tarawa, kaɗawa yake haifarwa, inda da'ira ke fitar da sigina da kanta, ba, ko cewa lambobin da manhajar ta fitar a radiyan suke, sai an raba su da 6.28 kafin su zama hertz. Duk wanda ya share shagona na wata guda ya san wannan.

Alamar ragi tana shaida cewa da'irar da ka zana ba ta kaɗawa, amma ba ta faɗa maka tazarar da ta rage kafin ta fara ba. Idan pol biyu suka zo a tagwaye, ka raba girman ɗaya daga cikinsu da ninki biyu na ɓangarensa na haƙiƙa, abin da ya fito shi ne Q, ma'aunin kusancin da'ira da kaɗawa, kuma da zarar ya wuce 0.707 amsar da'irar ta fara yin tozo. Ziro, wato kishiyar pol, idan yana ɓangaren dama, irin wanda kafasitar Miller da ke haɗa mashiga da mafitar mataki ɗaya ke jawowa, yana cin kusurwa kamar pol alhali yana ɗaga ƙarfi. Ni ba na sallamar aikin da ratar kusurwarsa, wato kusurwar da ta rage kafin kaɗawa ta fara, ba ta kai digiri 60 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ga nauyin da amfilifayar za ta ɗauka a cikin zanenka ba, kuma a nan ne wani mai hayar lasifika a bukukuwa ya cuce ni. Na haɗa masa ƙaramar amfilifayar share fage da cif ɗin TL072, wadda ƙarfinta ke saukowa zuwa ɗaya a wajen megahertz 3, na sa rizista mai om 100 a mafita, a waje da zagayen fidbak, wato hanyar da ke mayar da sigina daga mafita zuwa mashiga, domin ta raba ta da waya. Ya biya rabi, ya yi rantsuwa cewa cikon yana tafe bayan biki. Ashe ya kai ta wurin wani yaro mai araha, wanda ya ce masa wai rizistar tana rage ƙara, ya tsallake ta da guntuwar waya, sannan suka ja kebul mai tsawon mita 50 zuwa babbar amfilifaya. Irin wannan kebul yana ɗauke da kimanin pikofarad 100 a kowace mita, wato nanofarad 5 gaba ɗaya. Wannan ya haɗu da turjiyar cikin TL072 ya haifar da sabon pol a ɗaruruwan kilohertz, a cikin zagayen fidbak, ya cinye ratar kusurwar. Da'irar ta riƙa kaɗawa a inda kunne ba ya ji, babbar amfilifayar ta yi zafi, ƙananan lasifikoki suka ƙone ana tsakiyar biki. Washegari ya zo da mutane yana cewa aikina ne ya jawo masa asara. Na buɗe akwatin a gabansu na nuna dalmar da ba tawa ba, amma cikon kuɗina har yau bai fito ba, kuma ya bi kasuwa yana ɓata mini suna.

Ku yaran yanzu kun fi yarda da allon kwamfuta a kan na'urar duba igiyar sigina, alhali manhaja ba ta lissafa komai sai abin da aka zuba mata. Ka koma ka sa kafasitar nanofarad 5 a mafita, ka sake binciken da rizistar da kuma babu ita, ka kawo mini inda tagwayen suka koma.