Amsa: Rawar taron jama'a tana iya sauya wani abu kuwa?

Malama, kin tambaya ko rawar da jama'a ke yi a taro tana kawo sauyi, ko kuwa nishaɗi ne kawai, a gama a watse. A ganina tana kawowa, amma ba ita kaɗai ba.

Dubi Afirka ta Kudu a shekarun 1980, zamanin mulkin wariyar launin fata. Matasa na fuskantar 'yan sanda masu bindigogi, su kuwa abin da suke da shi rawar toyi-toyi ce: a ɗaga gwiwa, a buga ƙafa a ƙasa, mutum ɗaya ya ba da waƙa, dubbai su amsa. Wanda da shi kaɗai ne zai arce, da takunsa ya daidaita da na maƙwabcinsa sai tsoro ya ragu.

Ta Chile ce ta fi taɓa zuciyata. Cueca rawa ce ta mace da namiji. Daga 1978, matan da gwamnatin Pinochet, shugaban mulkin soja na ƙasar, ta ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu suka fara taka ta su kaɗai, kowace da hoton nata manne a ƙirji. Mai kallo yana ganin gurbin da babu kowa, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai yajin aiki da takunkumi da tattaunawa su ma sun yi nasu wajen rushe mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. In ƙungiyarku za ta shirya irin wannan, ku tsayar da buƙata ɗaya takamaimiya, ku zaɓi takun da tsoho da yaro za su iya bi.