Tsohon Husqvarna 61 ko sabon inji a kwali: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Tahoua ne. Sana'ata sassabe rassan bedi a gidaje da datsa busasshen icce, ina sayar wa masu gidan burodi. Wani dattijo yana son ya sayar mini da tsohon injin yankan icce, Husqvarna 61, fentinsa duk ya koɗe. A kasuwa kuma na ga sabo fil a kwali, an rubuta 070 a jikinsa, kuɗinsu kusan ɗaya. Abokaina sun ce kada in sayi tsohon ƙarfe, wai 070 ne sarkin injuna. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. In na dattijon nan lafiyarsa ƙalau, shi za ka ɗauka, kada ka yi wata-wata.

Abokanka ba ƙarya suka yi ba game da 070. Kamfanin Stihl na Jamus ya fito da shi a 1968, girman injinsa (faɗin cikin silinda) cc 106, kuma shi ne ya yi suna a dazukan Gana da Kamaru da kudancin Najeriya, inda ake kayar da manyan itatuwa a tsaga katako nan take a cikin daji. Sai dai abu biyu. Na farko, 070 na gaske ba zai taɓa zuwa sabo a kwali da kuɗin tsohon 61 ba. Wanda ka gani kwaikwayo ne, an ɗauki siffa da lamba, amma ƙarfen ba ɗaya ba ne. Araha ba ta ado. Na biyu, ko na gasken aka ba ka, ba na aikinka ba ne. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa da ƙarfen da take zagayawa a kai ba, jijjigarsa na kashe hannu, kuma ba shi da birkin sarƙa. Mai yankan rassa shi ya fi kowa haɗuwa da tsallen inji, wato bakin ƙarfen ya taɓa wani reshe, injin ya yi sama ya nufo fuska. Birkin nan da ke gaban hannun hagu shi ke tsayar da sarƙa cikin ƙiftawar ido. Ba zan ba mai sassabe inji marar birki ba ko kyauta ne.

Shi kuwa 61, a ganina yana cikin injunan da ba a ba su haƙƙinsu ba. Ƙirar ƙasar Suwidin ce ta ƙarshen shekarun 1970, cc 61.5, nauyinsa kilo 6 da ƴan kai. Ba shi da gudun injunan yanzu, shi ya sa samari ke raina shi. To amma rashin gudun nan yana cikin abin da ke tsawaita kwanansa a zafi irin na Adar. Karburatansa na hannu ne, da sukurori biyu masu alamar L da H na daidaita mai a ƙaramin gudu da babban gudu, da na uku na daidaita jiran aiki, wato tafiyar inji lokacin da ba a ba shi wuta ba. Duk makanikin babur mai natsuwa zai iya kwance shi ya wanke ya mayar. Manyan injunan zamani da yawa na'urar lantarki ce ke daidaita musu mai, M-Tronic a Stihl, AutoTune a Husqvarna. Suna aiki da kyau, ban musa ba, amma ranar da suka tsaya sai an nemi mai kwamfutar da zai duba su, kai kuma kana Tahoua da aikin mutane a hannunka.

Wani alherin 61 shi ne danginsa. Shi da Husqvarna 266 da 268 da 272XP gangar jikinsu ɗaya ce, haka ma wasu jajayen injunan kamfanin Jonsered irin 625 da 630 da 670, don haka kayan gyara da yawa suna shiga juna. A nan Yamai, in aka kawo mana mataccen 268, ba ma yar da shi, a jikinsa ake raya wani. A ɓangaren Stihl ma akwai irinsa, wato 038, wanda babbansa, 038 Magnum, ke da cc 72. Daga shi MS 380 da MS 381 suka samo asali. In ka ci karo da 038 mai lafiya, shi ma abin riƙewa ne, sai dai ka lura, 381 na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Kamfanin Dolmar na Jamus, wanda Makita ta saye a 1991, injunansa masu nagarta ne ƙwarai, amma Makita ta daina ƙera injunan fetur a 2022, kayansu za su riƙa yin wuya.

Kada fenti ya dame ka, cikin injin za ka duba. Ka roƙi dattijon ya bari a kwance salansa, a haska fitila ta ramin hayaƙi. Fistan mai lafiya sumul yake. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, injin ya taɓa ƙonewa, ko dai a rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Sannan ka riƙe igiyar tayarwa ka saki injin: wanda silindarsa ke da matsin iska mai kyau a hankali zai riƙa sauka, yana tsayawa yana sauka, wanda ya gaji kuwa zuruf zai tafi ƙasa. In ya tashi, ka bar shi yana jiran aiki, ka karkata shi hagu da dama. In muryarsa ta canza ko ya hau gudu da kansa, iska na shiga ta robobin da ke rufe bakin kuranki, kuma wannan ita ce cutar da ke cinye tsofaffin injuna a ɓoye. Gyaranta ba tsada in an kama ta da wuri. Ka tura birki ka ga sarƙa ta tsaya cak, don wasu 61 na farko-farko sun fito ba birki, wasu kuma an cire musu. Ka kuma nuna bakin ƙarfen ga wani katako ka ba shi wuta, ka ga ko yana fesa man sarƙa.

Bayan saye, man da kake zuba masa shi ne rayuwarsa. Da man haɗi na 2T mai kyau, mililita 100 ake zuba wa lita 5 ta fetur. In man ba amintacce ba ne, ka ninka, 200 a lita 5. Kada ka haɗa da baƙin man mota. Fetur na ƴan ruwa-ruwa kuma sai ka tace shi da ƙyalle mai tsabta, don yashi kaɗan ya isa ya toshe karburata. Matatar iska ka wanke ta kowace yamma a lokacin hunturu. Ɓawon iccenmu cike yake da rairayi, sarƙa na saurin dakushewa, musamman a busasshiyar kirya ko aduwa. Da ka ga injin na fitar da gari maimakon ɓarɓashi, ka tsaya ka wasa haƙoran, kada ka danne shi da ƙarfi. Sarƙar 61 mai aunin inci 3/8 ce, ta 070 kuwa inci .404, ba sa shiga juna, ka faɗa wa mai shago a fili.

Sai maganar hukuma. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta shekarar 2004, ta kare wasu itatuwa, gawo na cikinsu, kuma inji na yin ɓarnar da gatari ba zai yi a mako ba. Kafin ka taɓa ɗanyen icce, ko da a gonar wanda ya kira ka ne, ka je wurin jami'an gandun daji ka karɓi izini, takardar ta zauna a aljihunka.

In damina ta zo za ka ajiye injin ka tafi gona, ka juye man tanki, ka tayar da shi har ya mutu da kansa. Fetur da ya daɗe a ciki yana busar da robobin karburata, ka dawo da kaka ka yi ta jan igiya bai tashi ba.