Wane ganye zan shuka sau ɗaya in yi ta tsinka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Da damina tafasa da lalo sun wadace mu, amma da bazara ganye gagara yake. Akwai abin da zan shuka a gida ya yi mini shekaru?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Akwai, kuma da zogale za ki fara. Tafasa da lalo da rama 'yan damina ne, ruwa na ɗaukewa sai su bushe. Zogale kuwa saiwarsa mai kauri tana riƙe masa ruwa, ga shi yana son ƙasa mai rairayi irin taku ta Jigawa. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa, sai saiwar ta ruɓe.

Ki shuka irin idan ruwa ya zauna, wajen Yuni ko Yuli. Ana kafa reshe mai tsawon mita 1 ya kama, amma na fi son iri, domin saiwarsa ta fi nutsewa, kuma gara ta fi cin reshe. Inda mutane suka fi kuskure shi ne barinsa ya miƙe zanƙalƙal, ganyen can sama inda hannu ba ya kaiwa. Da zarar ya kawo miki ƙugu, ki tsinke kansa. Zai yi rassa, ki sake tsinke kawunansu. Ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki, da rani kuma ki riƙa zuba masa ruwan da kika wanke tsaki ko gero. Da hunturu yakan kaɗe ganye, don haka ki shanya na kaka a inuwa, rana tana ƙona amfaninsa. Saiwarsa kam ba abin ci ba ce, musamman ga mai juna biyu.

Kuka ma ba sai ta zama bishiya ba. Ki jiƙa 'ya'yanta a ruwan zafi su kwana, ki shuka su kusa-kusa a fangali, ki riƙa tsinkar ganyen tun tana ƙarama. Haka wasu mata suke yi a Mali.

Yaɗiya kuwa, don Allah idan kin ganta a jikin shinge kada a tuge ta. Tsakiyar bazara tana nan kore shar. Ki tafasa ki zubar da ruwan farko saboda ɗaci, sai ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Amma kada ki aiki yara tsinkar ganyen daji su kaɗai, domin tumfafiya da zakami suna da guba, kuma a bakin gari suke fitowa.