Garo: a riƙa sassautawa ko a bar shi a ɗaure?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, watan gobe zan fara sitaj, wato koyon aiki a asibiti, a sashen gaggawa, har da fita da ambilans. Garon tsayar da jini kuwa, wato ɗamarar nan mai sandar murɗawa da ake ɗaurawa a hannu ko ƙafa, a jikin mutum-mutumin roba kawai muka taɓa ɗaura shi. Wani dattijo da ya daɗe a aikin ya ce mini a riƙa sassauta shi duk bayan minti 10, in ba haka ba ƙafa ta mutu. Wallahi abin ya hana ni barci, kada in zama sanadin guntule ƙafar wani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka girmama dattijon, amma kada ka ɗauki wannan maganar. Tsohon karatu ne da aka daina, ya ƙi fita daga bakunan mutane, kullum sai an ji shi a bakin asibiti.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. In babbar jijiyar cinya ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa ya ƙare. Duk sassautawa guda, ka buɗe wa jini hanya, ya wanke ɗan gudan da ya fara toshe raunin, ya zuba a kan gadon ɗaukar majinyaci. Ka maimaita haka sau huɗu tsakanin Ɗan Isa da Maradi, sai ka iso da ƙafa lafiya lau, mai ita kuma jiki ya yi sanyi, bugun jijiya da ƙyar ake jin sa. Me aka yi ke nan? Garon da aka ɗaura daidai, gaɓa tana jure shi har kusan awa 2, kuma daga Tibiri ko Madarunfa ba ka kai haka a hanya. In tafiyar ta fi awa 2, ka kira likitan da zai karɓe ku, shi ke da ta cewa. Cirewa a asibiti ake yi, bayan an sa ƙarin ruwa kuma an shirya kama jijiyar.

Ƙanin wannan kuskure shi ne ɗaurin tausayi. Majinyaci ya yi ihu, ƴan'uwa su taso, ɗalibi ya tsaya da murɗawa. Sakwakkwen garo yana danne jijiyoyin da ke mayar da jini, ya bar mai kawowa a buɗe, zubar ta ƙaru. Zafi dole ne. Ka gaya masa tun farko, ka ci gaba da murɗa sandar har jini ya tsaya, bugun da ke ƙasa da ɗaurin ya ɓace.

Sauran ka sani: santimita 5 zuwa 7 sama da rauni, ba a kan gwiwa ba, a lalube aljihu kada waya ko makulli su tokare. In ɗaya bai isa ba, ka ƙara na biyu dab da shi ta sama. Ka rubuta lokacin ɗauri, kada ka rufe shi da zane. In ka tarar ƴan kabu-kabu sun ɗaure da igiya ko robar taya, ka sa naka ya kama sosai tukuna, sannan ka cire nasu.

Roba ba ta da kitse, ba ta kuma shure-shure. Kafin sitaj ku gwada a cinyar juna, da safar hannu, kuna duba agogo: a gama cikin minti 1, a taɓa bayan ƙafa a tabbatar bugu ya ɗauke, a kwance garon nan take. Littafin sitaj ɗin nan da ake cika shi da sa hannu ba tare da an ga hannun ɗalibi ba, kada ka yarda da shi. Ka roƙi majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, ya tsaya a kanka ka ɗaura, sannan ya sa hannu.