Gida a Bronx, gida a Houston: wace jiha ce za ta karɓi harajin?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka ce ka sayi gida a Houston, jihar Texas, amma ba ka saki na Bronx da ke birnin New York ba, kana raba zama, ko canza lasin tuƙi zuwa na Texas ya isa New York ta rabu da kai tunda Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga na jiha. Wallahi bai isa ba, ni ma haka na zata shekarar da na fara wannan zirga-zirgar sai da na ji a aljihuna.

Hanya biyu New York take kama mutum. Ta farko ƙirgen kwanaki ce, in kana da gidan zama a jihar kusan duk shekara, haya ne ko naka ne, kuma ka wuce kwana 183 a cikinta to kai mazauni ne ko da zuciyarka na Texas. Kuma kwana a wurinsu ba sai ka kwana ba fa. Jirginka ya sauka filin jirgin JFK na New York ƙarfe 11 na dare ka tafi gida, ranar ta shiga lissafi, ranar tafiya ma haka. Canjin jirgi kawai ko kwanciya a asibiti ne ba sa ƙirgawa. Ni a nan na faɗa, yau suna gobe ɗaurin aure jibi idi, a lissafina ban kai ko 170 ba, da mai haɗa min takardun haraji ya zauna da tikitocina sai ga 187. Haka na cike IT-201, takardar harajin mazauna jihar, ga harajin birnin New York a kai, kuma babu wani abu da za a rage min tunda ban biya Texas ko sisi ba.

Ta biyun ta fi wuya, wato ina ne ainihin gidanka, abin da suke kira domisayil. Za su duba wane gida ya fi girma da daraja, ina sana'arka take, ina ka fi zama, ina ka ajiye kayan da ka fi ji da su, ina madam da yara suke, ina yaran ke makaranta. Kuma kai da ka ce ka tashi kai za ka kawo hujja, ba su ba. Lasin da rajistar zaɓe suna taimakawa amma kowa ya san a wuni ɗaya ake yin su.

Wani abu da mutanenmu ke mantawa, in ka tafi gida Yamai ko Kumasi ka yi wata uku, eh ya rage maka kwanakin New York amma bai ƙara maka ko ɗaya a Texas ba, ƙarshe sai a ga zamanka na Bronx ya fi na Houston yawa.

In kuma kamfanin da kake wa aiki a New York yake, kana yi daga Houston don hakan ya fi maka sauƙi ba don su suka tura ka ba, albashin nan sai sun ci harajinsa, IT-203 za ka cike, takardar harajin waɗanda ba mazauna jihar ba.

Ni dai yanzu kullum sai na rubuta inda na wuni, ina ajiye tikiti da bayanan katin banki da na E-ZPass, na'urar biyan kuɗin gada da hanya, don ranar da ka kasa nuna inda kake tana iya zama tasu. Amma tukuna Alhaji, iyali suna ina? In suna Bronx ka nemi akanta ku zauna kafin ka cike komai.