Tambaya da Amsa: Tafiya a Duwatsun Gaɓar Teku

Malam, zan tafi Ingila karatu, garin yana bakin teku. Yaushe ake taka duwatsun gaɓa lafiya? Ɗalibarku daga Daura.

'Yata, teku ba madatsar Jibiya ba ce. A yawancin gaɓoɓi ruwa kan janye ya dawo sau 2 kullum, lokacin kuma yana ƙara jinkirin kusan minti 50 kowace rana. Duba jadawalin janyewa da dawowar ruwa na ranar, ki fita zuwa duwatsun awa 2 kafin ya gama janyewa, ki juyo da zarar ya fara dawowa. A awa ta 3 da ta 4 da fara dawowarsa ya fi gaggawa, yakan zagayo ta baya ya datse hanya. Sa takalmi mai ƙasan roba, kada ki taka koren gansakuka, santsi gare shi. Don Allah kada ki je ke kaɗai.