Amsar Kawu a kan hana su a Matan Fada

Assalamu alaikum, Sani ɗana. Ya karatu? Saƙonka ya iso. Ka ce malaminku ya koya muku lissafin yadda dabbobi ke yaɗuwa da raguwa, shi ne kake tambaya ko hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi na Argungu hikima ce, ko camfi ne kawai aka gada. Zan ba ka amsa, amma kada ka kuskura ka furta kalmar camfi a gaban Sarkin Ruwa.

Al'adar ta girmi bikin. Bikin a tsarinsa na yanzu ya faro ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya. Amma gyaran ruwa da fashin ruwa, wato al'adun tsarkake kogi da buɗe lokacin kamun kifi, Kabawa suna yin su tun kafin nan: ba mai jefa homa sai masu ruwa sun buɗe. Gaskiya ne tsohon tsarin yana da yanka da roƙon iskoki, malamai sun yi magana a kai, ni ma ba na tare da shi. Sai dai shi kifi ba ruwansa da dalilin da ya sa aka ƙyale shi. Ko tsoron iska ne ko dokar gwamnati, in an bar shi zai yi ƙwai.

Tushen lissafin da kuke yi na Verhulst ne, wani ɗan Beljiyam, tun 1838. A ce gurbi ba ya ɗaukar fiye da kifi 1,000. In saura 20 a ciki, ƙaruwa kaɗan ce don iyaye sun yi ƙaranci. In sun kusa 1,000, nan ma kaɗan ce, don abinci da wuri sun yi musu kaɗan. A tsakiya, wajen 500, suka fi saurin yaɗuwa. A 1954 wani Ba'amurke, Schaefer, ya ɗora wannan a kan kamun kifi, ya ce a ɗebi abin da ya ƙaru kawai, a bar uwar. Kakanka bai taɓa ganin allon lissafi ba, amma ya san manomin da ya cinye iri da rani zai yi kuka da damina.

Inda nake ganin magabata sun fi takarda kaifin ido shi ne sanin halin kifin kansa. Da ruwa ya yi ambaliya, tarwaɗa da karfasa sukan bi shi su shiga fadama, su yi ƙwai cikin ciyawa. Bargi har sheƙa yake ginawa ya tsare 'ya'yansa. Uwar karfasa kuwa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, wanda ya kama ta a lokacin ba kifi ɗaya ya kashe ba, ɗaruruwa ne. Da rani ya tsananta, ruwa ya janye, sai duk su taru a gurabu masu zurfi, inda ko yaro zai iya kwashe su. Wato lokacin da kifi ya fi sauƙin kamawa shi ne ya fi bukatar mafaka, kuma irin wannan wuri ne aka ce kada a taɓa. Ka duba da kyau, ba a zaɓi wurin da ka ba.

Wannan taruwar ce ma ta taɓa yaudarar masu lissafi. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, manyan jirage sun ci gaba da cika da kifin kod saboda ragowar da suka saura suna cunkushewa wuri ɗaya, masana kuma suka ɗauki yawan kamu a matsayin shaidar yawan kifi. Ƙananan masunta na bakin teku sun yi ta cewa kifi na ƙarewa, ba a saurare su ba. A Yulin 1992 gwamnati ta hana kamun kod, mutane fiye da 30,000 suka rasa sana'a.

To amma ita ma al'ada tana da iyaka. Wancan 1,000 ba a tsaye yake ba, ambaliya ce ke yanke shi. Wani masani na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai suna Welcomme, ya nuna cewa a kogunan Afirka kamun bana yana bin faɗin fadamar da ruwa ya mamaye bara da bara waccan. Tun da aka gina dam ɗin Bakolori a 1978, aka bi shi da na Goronyo a kan Rima, ruwan da ke malalowa fadamarmu ba kamar da ba. Sarkin Ruwa zai iya hana mutum shiga kogi, amma ba shi da iko da ƙofar dam.

Sai batun girma, tunda duk shekarar biki ido na kan wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi. A 2002 wasu masana biyu a Amurka, Conover da Munch, suka riƙa cire kashi 90 cikin ɗari mafi girma daga wani ƙaramin kifi da suke kiwo, suna barin ƙanana su haihu. Cikin zuriya huɗu kifin ya tsuke, don masu jinkirin girma ne suka bar jikoki. Ni ban ɗora wa biki wannan laifi ba. Kamun kusan awa ɗaya a shekara ba zai sauya jinin kifi ba. Abin da ke damuna shi ne na yau da kullum a sauran kogin: raga mai ƙananan idanu, gidan sauro da aka mayar da koma, da masu zuba maganin ƙwari a ruwa.

In aikin kammala karatunka a kan wannan za ka yi, ka zo hutu da abin awo. Ka zauna inda ake sauke kifi da sassafe, ka auna tsawon karfasa da tarwaɗa, ka rubuta gurbin da kowanne ya fito da irin ragar da ta kama shi. Ka fara zuwa gaida Sarkin Ruwa da goronka kafin ka taɓa kifin kowa, zan haɗa ka da wanda zai raka ka. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Kawunka.